Ruwan Dutsen Washi

Ƙarfe goma saura kwata na safe, ranar Babbar Sallah, Kawu Isufu ya ɗora wuƙa a wuyan ragonmu, wuƙar ta ƙi ci. Na riƙe lokacin ne domin ina tsaye kusa da su da buta a hannu, kuma da na kasa kallon ƙasa sai na kafa ido a kan agogon da ke rataye a barandar Kaka. Shekarata goma sha ɗaya.

A gidan Kaka muke zaune, mahaifiyar Mma uwata, a wani lungu na Zongon Kumasi. Tsakar gidan ƙarama ce, simintinta duk ya tsattsage, a nan ake wanki, a nan ake girki, a nan kuma ake yanka. Kawu Isufu ƙanin Mma ne, fita ne, wato makanike, a Magazin, unguwar masu gyaran mota, kuma tun da kakanmu namiji ya rasu shi ke yi mana layya. Wuƙar ta marigayin ce, doguwa mai ƙotar ƙaho, ba ta fitowa daga ƙarƙashin gadon Kaka sai Sallah ta zo. A jajibirin wannan Sallar Kawu ya naɗe ta a jarida ya tafi da ita wurin aiki, ya kara ta a injin gurzar ƙarfe mai lantarki. Ya dawo yana ba mu labarin yadda tartsatsi ya riƙa tashi har rufi. Bakin wuƙar ya yi wani launi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara. Ni har kyau ya yi mini. Kaka kuwa yanar ido ta riga ta fara rufe mata gani, ba ta ga launin ba.

Jan farko fata kawai ya tsaga. A na biyu bakin wuƙar ya lanƙwashe, sai Kawu ya shiga goga ta gaba da baya kamar mai yanka katako da zarto. Ragon bai yi kuka irin na rago ba. Wani gurnani ya riƙa fita daga maƙogwaronsa, irin ƙarar da kwata ke yi idan ta toshe ruwa na neman hanya. Ya saki kashi da fitsari a ƙafar maƙwabcin da ya danne shi. Kumfa mai ruwan ja ta fito masa ta hanci. Maƙwabcin yana ta ihu a kawo wata wuƙa, mata suna ta salati, har aka samo ta kicin daga gidan gaba aka ƙarasa shi. Aka ce in zuba wa Kawu ruwa ya wanke hannu. Na zuba, rabi a hannunsa rabi a takalmina.

Sai a lokacin Kaka ta sa aka miƙo mata wuƙar. Ta bi bakin da babban yatsa, ta ce, "Isufu, da kana wasa ta, ka ba ta ruwa?"

"Wane ruwa kuma, Inna? Inji ne fa, ba ya shan ruwa koraa, ko ɗigo."

"To ka dafa ta," in ji Kaka. "Ƙarfen ya mutu. Wagga ko tuwo ba ta yankawa."

Ranar ban ci nama ba. Warin kitsen da ake soyawa ya cika gida, ya shiga littattafaina, ya shiga mayafina. Duk inda na juya akwai wani abu: ƙudaje a kan fatar da aka shanya, hanji a cikin bokitin da muke wanka da shi, kan ragon a jikin bango harshe a waje. Na shige ɗaki na buɗe littafi, amma layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Bayan Magariba aka ɗauke wuta. Shekarun dumso ne, lokacin da wutar lantarki ke tafiya ba sallama, kuma mu yara ba mu ƙi hakan ba, domin idan talabijin ta mutu Kaka ce ke maye gurbinta. Takan zauna a kujerar tsuguno gaban murhun gawayi, mu kewaye ta, jikoki da yaran masu haya. Wannan maraicen tana juya sauran naman a kasko da dogon matsami, hasken garwashi yana lasar haɓarta. Mma ta janyo ni daga ɗaki da hannu. Na zauna can baya, na toshe hanci da gefen mayafi.

Kaka tana da yadda take buɗe tatsuniya, ban taɓa ji a bakin wani ba. Takan ce, "Ga baƙuwa ta iso daga Tawa, a ƙafa ta taho." Mu kuma mu amsa, "A ba ta ruwa!" Sai ta yi kamar tana kurɓa, ta goge baki, sannan ta fara.

Ta ce an yi wani mai washi a wani gari da rijiyarsa ke da nisa. Yana da dutse wanda ya gada, kuma dutsen yana magana, amma abu ɗaya ya iya faɗa: ruwa. Kullum mutumin sai ya je rijiya kafin ya taɓa wuƙar kowa. Wata rana ganda ta kama shi, ya ce bari ya gwada da yawu. Ya tofa, ya wasa, wuƙa ta yi ƙyalli, mai ita ya karɓa yana godiya. Da yawun ya ƙafe sai ya ci gaba a bushe. Dutse yana cewa ruwa, shi yana waƙa don kada ya ji.

"To sai mi?" in ji Kaka, tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Sai naman garin ya ƙi kwanciya."

Ta ce duk dabbar da aka yanka da waɗannan wuƙaƙen ba ta gama mutuwa. A zuba nama a tukunya, ya riƙa motsi. A kai loma baki, ta yi tsalle a kan harshe. Wanda ya daure ya haɗiye, sai cikinsa ya kama kukan akuya. Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara, cikinsa ya ce mee, sahun baya ya amsa. Nan yara suka fashe da dariya har wani ya faɗi a kan ƙafata. Kaka ta bari suka gama, sannan ta rage murya.

Ta ce da gari ya waye mai washi ya buɗe ƙofa, sai ga su a tsaye: raguna, awaki, har da wani bijimi, kowanne kansa na reto a gefe, wuya a buɗe, ƙudaje na shiga suna fita. Ba su tunkuɗe shi ba, ba su cije shi ba. Binsa kawai suke yi. Ya je kasuwa suna biye, ya shiga ban ɗaki suna jira a ƙofa, ya zauna cin tuwo jininsu yana ɗiga a gefen kwano. Kuma duk sanda ya juyo sai su ce, ta cikin ramin wuyan nan, "Ƙarasa."

Kaka ta faɗi kalmar da iska a maƙogwaro. Babu wanda ya sake dariya.

Ta ce daga ƙarshe mutumin ya ɗauki tulu ya tafi rijiya, dabbobin na biye. Ya dawo ya shayar da dutse har ya daina magana. Ya zauna ya wasa wuƙa ɗaya tun safe har rana ta karkata, sannan ya shiga zaure ya kira su ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ga na wani. Kowanne ya zo ya kwanta da kansa. "Baƙuwa ta sha ruwa, ta tahi," in ji Kaka, ta koma juya naman.

Ni ba mai magana ba ce cikin mutane. A aji ma idan na san amsa sai in rubuta ta in rufe. Amma na ji muryata ta fito daga baya: "Kaka, da ya ƙarasa su, sun ji zafi?"

"Wa ke nan? Hajiya Ƙyanƙyami?" Haka take kirana. "Baƙuwa ba ta faɗa ba, ɗiyata. Ta yi sauri."

Na daɗe ina juya abin kafin in iya tambayarta ko gaske ne akwai irin wannan dutsen. Ta ce in leƙa bayan kicin, ƙarƙashin tsofaffin kwanukan rufi. Ashe kakanmu da shi ya ci abinci tun zuwansa Kumasi. Dutse ne kewayayye kamar faifai mai kauri, a kan ƙafafun katako, an haɗa shi da abin takawa na tsohon keken ɗinki. A ƙarƙashinsa an yanka tayar mota biyu an kafa rabi, a nan ruwa ke zama, gindin dutsen yana tsoma a ciki duk juyin da ya yi.

Abin da na tarar a cikin tayar nan har yau ban manta da shi ba. Ruwan sama ne na damina da damina, ya yi baƙi, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a sama. A ƙasa akwai laka mai santsi, da ƙadangaren da ya kumbura har fatarsa ta saɓule. Na koma na ce wa Kaka ai ya lalace.

"Dutsen ko ruwan?"

"Ruwan."

"To ki zubar mana. Ko sai an rubuto miki a littafi?"

Na ɗaura leda a hannu biyu na kwashe, ina yi ina juya fuska. Kawu ya dawo daga aiki ya same ni a tsugune, ya tsaya yana dariya. "Ei, Malama Nafisa! An bar boko an koma yasar kwata?" Amma washegari ya zo da man inji da sabon bel, ya gyara abin takawar.

Haka na fara koyo, bayan makaranta, Kaka a gefe a kan kujerarta. Ido ba ya yi mata aiki sosai, da kunne take koyarwa. Idan na danna da ƙarfi sai ta ce, "Kina shaƙe ta." Idan na ɗaga bayan wuƙar da yawa ta ce, "Kin tsayar da ita, kwantar." Ta koya mini in taka a hankali yadda dutsen zai ɗebo ruwa ba tare da ya watsa mini a fuska ba, in ja wuƙar daga gindi zuwa tsini ba tsayawa, in riƙa taɓa ƙarfen da kan yatsa. In ya yi ɗumi, a tsoma a ruwa a jira. Zafi shi ke kashe ƙarfe, ya bar shi da ƙyalli ba ƙarfi. Idan gefe ɗaya ya isa, wani siririn abu yakan tashi a ɗaya gefen, ba a ganinsa sai dai a ji yana kama fatar yatsa. Kaka tana kiransa gemu. Sai gemu ya fito tun daga gindi har tsini ake juya wuƙa, sannan a aske shi a kan tsohuwar ɗamarar fata.

Wuƙaƙen kicin na Mma na fara lalatawa. Ɗaya ta zama kamar lauje, ɗaya ta rasa tsini. Da hannuna ya fara daidaita sai labari ya bi lungu cewa dutsen tsoho ya tashi, mata suka fara aiko da nasu. A nan na san abin da ke maƙale a wuƙaƙen mutane. Ta mai kifi ɓawo ya bushe a jikinta kamar ƙuraje. Ta mai ganda ƙotarta an naɗe da robar tayar keke, kuma idan ruwa ya shiga ƙarƙashin robar sai wani maiƙo fari ya tsatso, mai warin da ba ya barin hannu ko an wanke da sabulu da toka. Ruwan tayar kafin a jima ya koma toka-toka, kitse na yawo a sama, kuma dole wannan ruwan ya bi yatsuna ya gangara har gwiwar hannu. Wani lokacin ɗigo ya faɗa mini a leɓe. Na yi ta tofar da yawu har Kaka ta ce in bar mata tsakar gida ta bushe.

Ban taɓa sabawa ba, kuma ba na jin zan saba. Abin da na koya shi ne in wanke kowace wuƙa da ruwan zafi kafin ta hau dutse, in sauya ruwan taya tun bai yi kauri ba. Kaka ta ce mijinta bai taɓa wannan fitinar ba. Ta kuma ce nawa kaifin ya fi tsabta, nasa ya fi sauri.

Da wata Sallar ta matso aka kawo rago fari mai baƙin kunne, aka ɗaure shi a turken da ke tsakar gida, taku kaɗan daga dutsen. Na ƙi ba shi dusa, na ƙi kallon idonsa. Kaka ta fito da wuƙar marigayi. Shuɗin nan yana nan a bakinta. Ta ce sai an cinye mataccen ƙarfen gaba ɗaya an kai ga mai rai, kuma aikin ba na yini ɗaya ba ne. Na ɗora ƙafa zan taka, ta buge mini gwiwa.

"A gabansa? Ke ba ki da kunya? Ba a wasa wuƙa dabba na kallo."

Ba inda za a kai dutsen, ba inda za a kai ragon. Sai muka ɗaura igiyar shanya daga ƙusar kicin zuwa tagar masu haya, muka rataya tabarma a tsakani. Haka na yi aikin, ni a wannan gefe, shi a wancan. Ina jin yana tauna, ina jin ƙahonsa na gogar turke. Wani lokacin idan dutsen ya fara ƙara sai taunar ta tsaya, ni ma ƙafata ta tsaya. Wuƙar ta rage faɗi kamar na ɗan yatsa kafin shuɗin ya ɓace. A jajibiri na kai wa Kaka. Ta sa Kawu ya miƙo hannu, ta ɗora bakin a kan gashin damtsensa, gashin ya zube ba tare da ta danna ba.

"Yoo," in ji Kawu, yana duban wurin da ya yi fari. "Wannan ta yi paa."

Ranar Sallah na ce ba zan riƙe buta ba. Na tsaya bayan tabarma, hannuna a kan dutsen mai sanyi. Na ji an kayar da shi, na ji bisimilla da kabbara. Sannan na ji wani sauti gajere kamar an yage sabon yadi, sai zubar ruwa a siminti. Babu gurnani, babu mai ihu a kawo wata. Amma daga baya na ji ƙafafu suna shure-shure a ƙasa, kuma suka daɗe suna yi fiye da yadda na so.

Wannan shure-shuren ne ya hana ni murna. Na tambayi Mma ko ya ji zafi, ta ce, "Dabba ce, Nafisa, Allah ya halatta, je ki ɗauko tire." Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya yi mini bayani mai kyau a kan kyautata yanka da ladan da ke ciki, amma bai taɓa abin da na tambaya ba. Na koma wa Kaka, ta ce ai ta gaya mini baƙuwa ta yi sauri. Ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare ba ta ƙara a kan haka ba.

Yanzu ina jami'a, ina karatun kimiyyar halittu, kuma na karanta abin da littattafai suka ce game da jijiyoyi da jini da lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗaukewa. Sun ce shure-shuren jiki ne kawai, mai shi ya riga ya tafi. Ina so in yarda. Amma masu rubutun ma daga waje suke kallo, kamar ni a bayan tabarma.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce ga malalata, kuma na ɗauka Kawu take yi wa faɗa a fakaice. Da na girma sai na lura da wani abu: a cikin labarin dabbobin ba su taɓa roƙon a bar su da rai ba. Kaka ba ta yi mana alkawarin duniyar da ba a yanka ba. Mace ce da ta soya naman layya tun tana budurwa. Abin da ta ƙi shi ne a bar abu a tsakiya saboda wani ya ji nisan rijiya. Ni kuma na gane cewa ƙyamar da ke damuna ba ta da amfani idan ta tsaya a toshe hanci. Har yau ba na cin naman Sallah sai ya kwana, har yau ruwan tayar nan yana tayar mini da zuciya, kuma duk jajibiri nakan hau motar haya ta trotro in dawo Zongo in rataya tabarma.

Sallar bara, bayan an gama, Kawu ya zo bayan tabarmar da kansa ya miƙo mini hannu in zuba masa ruwa. Furfura ta fito masa, ya zama masta mai nasa shagon. Ina zubawa, jinin yana bin tsagar siminti, sai na ga shi kaɗai ne ban taɓa tambaya ba, kuma shi ne hannunsa ke wurin.

"Kawu," na ce, "tsakani da Allah. Yana jin zafi?"

Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da cuɗa yatsunsa, yana cire abin da ya shiga ƙarƙashin farce.

"Yana ji mana, Malama. Mutuwa ce fa, ina jin ta a hannuna." Ya yarfe ruwan. "Amma da wuƙarki sau ɗaya yake ji."